Ofishin da Ya Rama Wutar da Ya Sha: Nazarin Wani Gini a Jihar Kolorado

Wannan bayani ne a kan gini guda ɗaya mai suna Research Support Facility, ofishin wata cibiyar binciken makamashi mallakar gwamnatin Amurka da ake kira NREL lokacin da aka yi ginin, a garin Golden da ke gindin duwatsun Roki, yamma da birnin Denver. Abin da aka nema daga ginin shi ne lissafin sifili. Ma'anarsa ita ce ginin yana nan jone da layin wuta kamar kowane gini, da rana farantan solarsa su tura wa layin rarar wuta, da dare da ranakun hadari ya jawo, idan shekara ta zagayo a tarar abin da ya bayar ya kai abin da ya karɓa. Ma'aunin da za a yi amfani da shi a nan shi ne kilowat-awa, wato yunit ɗin da mita ke ƙirgawa, a kan kowane murabba'in mita na gini a shekara.

Asalin matsalar

Gine-gine na cin kusan kashi 40 cikin ɗari na makamashin da Amurka ke amfani da shi. Na kasuwanci kaɗai, irin su ofisoshi da kantuna da makarantu da asibitoci, suna ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A farkon shekarun 2000 matsakaicin ofis a ƙasar yana shan wajen yunit 290 a murabba'in mita a shekara, idan aka haɗa fitila da ɗumama ɗaki da sanyaya shi da na'urorin aiki.

Cibiyar da ake magana a kanta ta fara aiki tun 1977 da binciken hasken rana. Duk da haka, shekara da shekaru ɗaruruwan ma'aikatanta a ofisoshin haya suke zaune, a wata unguwar ofisoshi da ke kusa da harabarta. Masu rubuta wa ƙasa yadda za a rage shan wuta suna zaune a gidan da ba su da ikon canza ko da tagarsa, kuma gwamnati na biyan haya duk shekara. Aka yanke shawarar gina musu ofis nasu. Kuɗin da aka ware dala miliyan 64 ne, kuma an ce ba ƙari.

Da wannan kuɗi za a iya gina ofis mai kyau irin na kowa. Tambayar ita ce ko zai isa a gina wanda zai sha rabin wutar da sauran ke sha, mai ɗaukar mutum 800, har rufinsa da filin da ke kewaye da shi su iya rama abin da ya sha.

Abin da aka gwada kafin nan, 2000 zuwa 2006

Kuɗin bincike na Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ya daɗe yana shiga sassan gini ɗaya bayan ɗaya: gilashi mai hana zafi wucewa, fitilu masu ƙarancin ci, manhajar kwamfuta da ke ƙiyasta wutar da gini zai sha tun yana kan takarda. Kowane sashe ya yi kyau a ɗakin gwaji. Da aka haɗa su a gine-gine na gaske sai labari ya sha bamban.

Masu binciken wannan cibiya sun bi diddigin gine-gine shida da aka gina da niyyar tsimin wuta, suka sa musu mitoci, suka fitar da rahoto a 2006. Daga cikinsu akwai cibiyar nazarin muhalli ta Kwalejin Oberlin a jihar Ohio, da zauren karɓar baƙi na gandun Zion a jihar Utah. Dukansu sun fi gine-ginen da aka yi bisa ƙa'idar gama-gari tsimi, wasu da kashi 25, wasu har kashi 70. Amma dukansu sun sha wuta fiye da yadda masu zanensu suka ƙiyasta.

Dalilan ba su da wuyar fahimta. An buɗe tagogi don hasken rana ya shiga, amma fitilu na kunne tsakar rana saboda na'urar da ya kamata ta kashe su ba a saita ta daidai ba. Kayan da ma'aikata ke jonawa a soket sun fi abin da aka zata yawa. Zafi na sulalewa ta mahaɗar ƙarfe da bango, inda zane ya nuna kamar an toshe. Farantan sola na ba da ƙasa da alkawari saboda dusar ƙanƙara da inuwa da matsalar inbata. Ginin Oberlin, wanda aka buɗe a 2000 da farantai masu ƙarfin kilowat 60 a rufi, sai da aka ƙara masa wasu na kilowat 100 a kan rumfar ajiye motoci a 2006.

Akwai kuma abin da ya shafi yadda ake ba da aiki. A tsarin da aka saba, mai zane ya zana, a kai zanen kasuwa, ɗan kwangilar da ya fi araha ya ci, kuɗi ya gaza a tsakiya, sai a fara yanke-yanke. Abin da ake fara yankewa kuwa shi ne kayan tsimin wuta, don ba wanda zai gane an cire su ranar bikin buɗewa. In gini ya zo yana shan wuta fiye da ƙima, mai zane ya ce laifin magini ne, magini ya ce abin da aka ba shi ya gina, mai gini ya ci gaba da biyan bil.

A wannan shekarar ta 2006 masu binciken suka nuna cewa ita kanta kalmar sifili fuska huɗu gare ta: ana iya auna ta da wutar da ta shiga ta mita, ko da man da aka ƙona a tashar da ta samar da wutar, ko da kuɗin bil, ko da hayaƙin da aka fitar. Gini na iya cin jarrabawa ɗaya ya faɗi sauran.

Doka da kuɗi, 2007 zuwa 2009

A 2007 wani nazari na cibiyar ya ƙiyasta cewa da fasahar da ake sa ran samu zuwa 2025, kashi 62 cikin ɗari na gine-ginen kasuwancin Amurka za su iya kai wa sifili da farantan rufinsu. Idan aka auna da faɗin fili maimakon yawan gine-gine, adadin ya sauka zuwa kashi 47, saboda manyan benaye ɗakunansu da yawa, rufinsu kaɗan.

Ranar 19 ga Disamba 2007 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar 'yancin makamashi da tsaro. Sashe na 422 na dokar ya kafa shiri na musamman mai buri uku: duk sabon ginin kasuwanci ya zama mai lissafin sifili zuwa 2030, rabin dukkan gine-ginen kasuwanci zuwa 2040, dukansu zuwa 2050. Dokar ta ba da izinin kashe dala miliyan 20 a 2008, miliyan 50 a kowace shekara ta 2009 da 2010, miliyan 100 a 2011 da 2012, sannan miliyan 200 duk shekara daga 2013 zuwa 2018. A tsarin Amurka irin wannan izini iyaka ce kawai aka shata. Sai majalisa ta sake zama kowace shekara ta saki abin da ta ga dama a kasafin kuɗi.

A Agustan 2008 Ma'aikatar Makamashi ta ƙaddamar da shirin, ta haɗa manyan ɗakunan bincikenta biyar su yi aiki tare. Da tattalin arziki ya durƙushe, Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar farfaɗo da shi ranar 17 ga Fabrairu 2009, kuma a watan Yuni na wannan shekarar aka sanar da ware dala miliyan 346 daga cikinta don fasahar tsimin wuta a gine-gine. A wannan yanayi aka yi ginin da muke magana a kai.

Takardar neman 'yan kwangila, 2008

Cibiyar ba ta ba kowa zane ba. Ta fitar da takarda mai ɗauke da buƙatu, ta ce mai zane da magini su zo a haɗe a matsayin ƙungiya ɗaya, farashi kuma tsayayye ne. An kasa buƙatun gida uku. Kashin farko dole ne: tsaron lafiyar ma'aikata a wajen aiki da samun babbar shaidar gini mai kiyaye muhalli. Kashi na biyu abin da ake matuƙar so: ɗaukar mutum 800, kammalawa a 2010, da kada ginin ya wuce wajen yunit 79 a murabba'in mita a shekara. Kashi na uku shi ne na in da hali, kuma a nan aka ajiye lissafin sifili, tare da shan rabin abin da ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta 2004 ta yarda da shi.

Kowace ƙungiya za ta faɗi iya inda za ta kai a jerin da wannan kuɗin. Abin da ta ce za ta yi shi za a rubuta a kwangila. Ƙungiyoyi uku aka tace, wadda ta ci ta ɗauki jerin gaba ɗaya, har da na in da hali.

Adadin 79 bai tsaya ba. Da aka yi lissafin yawan mutanen da za su zauna, aka kuma sa ɗakin manyan kwamfutocin da ke yi wa dukkan harabar aiki dare da rana, sai aka ɗaga shi zuwa wajen yunit 111. Wannan adadi ya zama sharaɗin kwangila. Duk canjin da aka kawo a zane ko a wurin gini, sai an sake shigar da shi manhajar ƙiyasi an ga bai tsallake iyaka ba. An kuma ware ladan ƙari da ake biyan ɗan kwangila mataki-mataki idan ya cika alkawari.

Zane da gini, 2008 zuwa Yunin 2010

Masu zanen sun fara da lissafin wuta, siffar ginin ta biyo baya. Fuka-fuki biyu ne dogaye, sun miƙe gabas da yamma, wani zaure ya haɗa su a tsakiya. Faɗin kowanne mita 18 ne kacal, don kada teburin kowa ya yi nisan da ya wuce mita 9 daga taga. Dogayen bangwayen na kallon kudu da arewa, inda hasken rana ke da sauƙin sarrafawa. Gilashi bai wuce wajen kashi ɗaya cikin huɗu na bango ba, saɓanin ofisoshin zamani da ake lulluɓewa da gilashi daga sama har ƙasa.

Tagogin kudu an raba su biyu. Na ƙasa don kallon waje ne, da 'yar rumfa a kansa. Na sama yana da jerin ƙananan madubai a ciki, suna karɓar hasken rana su jefa shi silin mai farin fenti, daga nan ya bazu cikin ɗaki. Don kada a tare hasken, aka rage tsayin shingen da ke tsakanin tebura. Fitilun sama mutum ne ke kunna su da hannu, su kuma kashe kansu in haske ya wadata ko ɗaki ya zama ba kowa. A gefen yamma, inda ranar la'asar ke dukan gini, an sa gilashin da ke yin duhu idan aka ba shi 'yar wuta.

Bangon kankare ne aka zubo a masana'anta, fale biyu da abin hana zafi wucewa a tsakiya, na cikin ya fi kauri. Wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa ya san hikimar: bango mai kauri ya sha sanyin dare, ya riƙe shi har rana ta yi nisa. Golden na kan tudu mai tsayin sama da mita 1,700, iskarsa busasshiya ce, kuma dare na yin sanyi ko da bazara. Saboda haka wasu tagogin na buɗe kansu da dare su shigo da iska.

Babu manyan bututun hura iska mai sanyi ko zafi irin na sauran ofisoshi. An binne ƙananan bututun ruwa masu tsawon kusan kilomita 67 a cikin kankaren silin, ruwan ɗumi na bi da hunturu, mai sanyi da bazara. Ruwa ya fi iska ɗaukar zafi nesa ba kusa ba, don haka ƙaramin famfo na yin aikin da sai manyan fankoki za su yi. Iskar shaƙa kaɗai ake turowa ta ƙarƙashin daɓe.

Ƙasar wurin yumɓu ce mai kumbura idan ta sha ruwa, dole a ɗaga ginin a bar sarari a ƙarƙashinsa. Injiniyoyin suka cika sararin da bangwayen kankare masu lanƙwasa kamar lungunan tsohon gari, ya zama rumbun ajiye zafi. A bangon kudu an manna baƙin ƙarfe mai ƙananan huji. Rana na dumama shi, fanka na zuƙo iska ta hujin, iskar ta shiga rumbun ta bar zafinta a kankare. Zafin da manyan kwamfutoci ke fitarwa ma ana kama shi a yi amfani da shi. Wannan baƙin ƙarfe na daga cikin abubuwan da kuɗin binciken cibiyar ya taimaka aka inganta tun shekarun 1990.

An fara gini a 2009, an gama a Yunin 2010. Faɗinsa murabba'in mita 20,600. Kuɗin ginin kansa dala miliyan 57.4, wato wajen dala 2,790 a murabba'in mita, farashin da bai fita daga na sauran manyan ofisoshin yankin ba. Farantan sola ba sa cikin wannan lissafi.

Shekarar farko, 2010 zuwa 2011

Da aka rage fitila da ɗumama ɗaki, abin da ya rage mafi girma shi ne kayan soket da ɗakin kwamfutoci, kuma waɗannan ba a hannun ɗan kwangila suke ba. A nan cibiyar ta ɗauki nata kason. Aka canza kwamfutocin tebur da na tafi-da-gidanka, aka sa burin kowane tebur kada ya wuce wajen wat 55, alhali irin na da na iya cin ɗaruruwa. Aka kwashe firintocin da ke ofishin kowa, aka ajiye manya na tarayya a kowane sashe. Aka hana ƙananan hita na ƙarƙashin tebur da firjin mutum ɗaya. Masu shara suka koma aikin rana don kada a kunna fitilun gini duka da dare saboda mutum biyar.

Ma'aikata ba su karɓi komai hannu bibbiyu ba. Wanda ya saba da ɗaki mai ƙofa ya tsinci kansa a fili, yana jin wayar maƙwabcinsa. Wasu tebura rana na haske musu allo a wasu watanni, sai da aka ƙara labule. Na'urorin da ke sarrafa fitilu da tagogi sun ɗauki watanni ana saita su. Abin da ya bambanta wannan gini da shidan baya shi ne an raba mitoci: ta fitila daban, ta soket daban, ta ɗumama ɗaki daban, ta ɗakin kwamfutoci daban, ana kwatanta su da ƙiyasi kullum. In wani layi ya haura, a san inda za a duba kafin wata ya ƙare. An kuma sa wata 'yar manhaja a kwamfutocin ma'aikata da ke sanar da su lokacin da ya dace a buɗe taga.

A ƙarshen shekarar farko ta cikakken aiki, abin da mitoci suka nuna ya yi kusa ƙwarai da yunit 111 ɗin da aka rubuta a kwangila. Ta fannin sha ke nan. Ta fannin ramawa kuwa ginin bai kai ba tukuna. Farantan rufi na da ƙarfin kusan kilowat 450, kuma wani kamfani ne ya kafa su da kuɗinsa yana sayar wa cibiyar wutar a farashin da aka daidaita na shekaru masu yawa. Rufin kaɗai ba zai iya ba. Aka ƙara wasu na kilowat 524 a kan rumfar motocin baƙi.

Ƙarin gini da sakamako, 2011 zuwa 2015

A ƙarshen 2011 aka kammala fiffike na uku mai murabba'in mita 12,800, da kuɗin dokar farfaɗo da tattalin arziki. Ginin ya kai murabba'in mita 33,400, ma'aikata wajen 1,300. Ƙungiyar da ta yi na farko ita ta yi wannan, kuma ya zo da araha a kan kowane murabba'in mita, ga ƙarancin shan wuta fiye da na farkon. Da aka ɗora farantai a sabon rufin da kuma kan benen ajiye motocin ma'aikata, jimillar ƙarfin sola ta kai wajen megawat 2.5, wato kilowat 2,500. Sai a lokacin lissafin shekara ya cika, abin da ginin ya bayar ya rufe abin da ya karɓa.

Cibiyar ta wallafa takardun kwangilar da bayanan mitocin don wasu su kwafa, ta kuma ci gaba da amfani da wannan salon ba da aiki a gine-ginenta na gaba. A Satumbar 2015 Ma'aikatar Makamashi ta fitar da ma'ana guda ta gini mai lissafin sifili, ta zaɓi awo da makamashin da aka kashe tun daga tushe.

Hukunci

Kayan da ke cikin ginin nan kusan duka akwai su a kasuwa kafin 2008, kuma irinsu aka sa a gine-gine shidan da suka gaza cika alkawari. A ganina abin da ya yi aiki shi ne adadi ɗaya da aka rubuta a kwangila, aka ɗora alhakinsa a wuyan ƙungiya ɗaya, aka hana kuɗi motsi, sannan aka auna bayan an shiga. Tsayayyen farashi ya tilasta musu musaya: abin da aka tsimi daga rage gilashi da rashin manyan na'urorin sanyi shi ya biya bango mai kauri da bututun ruwa. Kuɗin binciken da ya fi ba da riba a wannan lamari shi ne wanda ba ya ɗaukar ido, wato na sa mitoci a gine-gine shida na shekaru da rubuta gazawarsu ba ɓoye-ɓoye, da na manhajar ƙiyasin da ta sa aka iya riƙe ɗan kwangila da adadi. Ba don su ba, cibiyar ba za ta san wane adadi za ta nema ba.

Sai dai ban yarda da masu cewa ginin ya tabbatar da sifili kyauta yake zuwa ba. An cimma rabin shan wuta a farashin kasuwa, wannan gaskiya ne. Ramawar kuwa da wani kuɗi daban aka saye ta, kuma fiye da rabin farantan a kan wuraren ajiye motoci suke. Ofis mai hawa ashirin a tsakiyar birni ba shi da wannan fili. An kuma ɗaga adadin daga 79 zuwa 111 a hanya, ko da yake da hujja. Yanayin Golden ya taimaka: a garin da ke da laima da dare mai zafi, buɗe taga ba zai sanyaya bango ba, kuma silin mai sanyi zai iya yin gumi. Mai ginin ma ba gama-gari ba ne, injiniyoyin da suka rubuta buƙatun ginin su ne ke zaune a ciki suna kallon mita.

Ga kuma batun yawa. A 2012 wani ƙidaya mai zaman kansa ya sami gine-ginen kasuwanci 21 kacal da ya lissafa a matsayin masu lissafin sifili, yawancinsu ƙanana, a lokacin da Amurka ke da gine-ginen kasuwanci wajen miliyan 5.6. Burin 2040 da na 2050 na sashe na 422 sun shafi waɗanda suke tsaye tun tuni, masu faɗi da zurfi, da yawa na kallon yamma, mai su daban da mai biyan bil. Dabarar farko ta ginin Golden ita ce juya shi ya kalli kudu da rage faɗinsa zuwa mita 18, kuma duk cikin miliyoyin nan babu wanda za a iya yi wa haka.